Ƙullin Masta Isaka

Azumin bana a cikin sanyi ya same mu. Wajen goman tsakiya har yayyafi aka yi a Doha, irin ɗan yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa ƙarƙashin mota, amma sai ka ga mutanen gari sun fito suna ɗaukarsa hoto. Wata guda cur ba mu kunna esi a ɗaki ba. Duk da haka sababbin zuwan da muke kwana tare, la'asar na yi sai su baje a gado suna nishi, wai ƙishirwa za ta kashe su. Na daure, na daure, rannan dai bakina ya ƙi. Na ce musu in wannan shi ne azumi, to wanda muka yi shekarar korona sai a nemo masa wani sunan. Suka ce in ba su labari. Na fara ke nan sai na lura ashe labarin duk na Masta Isaka ne, kuma akwai inda ba na son in kai a cikinsa. Na duba agogo na ce a tashi a haɗa kayan shan ruwa. Abin da na gani makon jiya a wurin aiki ne ya sa na ce bari dai in ƙarasa shi, ko ya sauka daga ƙirjina.

A wancan lokaci a Bin Omran muke, wani tsohon gida da aka yayyanka da katako aka fitar da ɗakuna. Mu shida ne a namu, gadaje masu hawa biyu, takalma jibge a ƙofa kamar masallaci. Ni gadi nake yi a wasu gidajen haya da ke cikin katanga ɗaya a Thumama, har yau ma can nake. Sauran direbobi ne da masu gadi irina. Babbanmu Malam Habu, mutumin Azare, direban gidan wani Balarabe. Shi ke ja mana salla, kuma yana fama da asma.

Masta Isaka ba a ɗakinmu yake ba. A saman rufi yake kwana, cikin wani ɗan akurki kusa da tankunan ruwa. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya ba hamsin baya, gajere kakkaura, gemunsa ya yi fari. Gyaran esi ne sana'arsa. Hausarsa irin ta Zango ce, mace ma "ya zo" yake ce mata, muka yi ta tsokanarsa har muka gaji don kanmu. Shi kuma Soja yake kirana saboda kakin gadi, in ya so jan magana ya ƙara da "marar bindiga".

Matsalarsa guda ce, ba shi da kati. A nan kowane baƙo yana da kafil, wato wanda ya kawo shi, kuma shi ke sabunta masa katin zama. Kamfanin da ya kawo Masta ya durƙushe, mai shi ya sulale ya bar ƙasar, kati ya mutu a aljihun bawan Allah. Duk ranar da ɗan sanda ya tare shi ya ce "bataka", wato ya kawo kati, magana ta ƙare. Wurin tsare mutane za a kai shi, daga can sai jirgi, kuma ba dawowa. Ya san haka sarai. Abin da ya hana shi kai kansa 'yarsa ce, Hawa, da ta samu shiga makarantar koyon jinya a Kumasi, kuma guminsa ne ke riƙe da karatun. Kullum maganarsa ke nan, ranar da Hawa ta gama da ƙafarsa zai je ya ce musu ga ni.

Ba zan ɓoye ba, ni ne na fi kowa ƙin zamansa a gidan. Ina da saurin baki, tun a Funtuwa an san ni da shi. Wata rana na tsaya a tsakar gida na ce ni ban baro iyayena na ƙetaro teku don a kama ni da laifin ɓoye mutum ba, wanda ba shi da takarda ya nemi inda zai raɓa. Na san yana zaune a matakala yana jina, don ma ya ji na ɗaga murya. Malam Habu ya ce in ji tsoron Allah.  Washegari da muka haɗu a bakin famfo ya ce, "Soja, an tashi lafiya?" kamar ba abin da ya faru, na amsa a daƙile.

Sai ga korona, sai ga azumi a kanta. Aka rufe masallatai. Ranar farko da muka ji ladan yana cewa kowa ya yi salla a gidansa, Malam Habu ya juya ya fuskanci bango, muka yi kamar ba mu ga yana share ido ba. A shekarun baya ɗan ƙwadago ba ya cefane da azumi a garin nan. Tantuna ake kafawa a ƙofar masallatai, shinkafa da naman rago, ka ci ka ƙulle saura. A wannan shekarar ko tanti ɗaya babu. Direbobinmu aka ce su zauna a gida sai an neme su, aljihu ya bushe. Mu biyu kacal ke fita aiki a ɗakin. Sahur gurasar Larabawa da shayi, shan ruwa gurasar da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake nasu, ranar da aka samu gwangwanin sardin biyu sai Malam Habu ya raba da cokali don kar a yi faɗa. Mutum shida a ɗaki ɗaya, huɗu ba fita, ba aiki, ga yunwa. Ko tari wani ya yi sai kowa ya ɗago kai ya kalle shi.

Zafi kuwa kullum ƙaruwa yake. Tankunan ruwa a saman rufi suke, saboda haka daga hantsi ruwan famfo ba ya taɓuwa, sai mun tara a bokiti tun da safe mu ajiye ya huce don alwala. In ka buɗe ƙofar gida iska ta buge ka kamar ka leƙa tanderun mai burodi. Abin da ke raba mu da halaka wani tsohon esi ne irin na taga, mai ƙara kamar injin markaɗe, wanda muke zagi dare da rana.

Ranar sha biyu ga azumi, ana gab da azahar, ya yi wani gurnani ya yi shiru. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Ɗakin ba shi da wata taga sai ramin da esin ke ciki. Kafin mu idar da salla zufa ta jiƙa dardumar kowa, ƙarfen gado ya ɗau ɗumi. Wakilin mai gida bai ɗaga waya ba. Kamfanonin gyara suka ce ba sa tura kowa gidajen ma'aikata. Can sai ƙirjin Malam Habu ya fara fito, ya shaƙi maganinsa sau biyu bai lafa ba, ya jingina da bango yana jan numfashi da kafaɗu.

Kowa ya san abin da ya kamata, a kira motar asibiti. Kowa kuma ya san abin da zai biyo baya a irin wannan lokaci. Mai numfashi sama-sama a gidan ma'aikata, za a zo a rufe gidan, a jera mu a duba kowa da katinsa, har na saman rufi. Muna cikin kallon-kallo sai ga Masta a ƙofa da jakar kayan aikinsa. Ya dubi Malam Habu, ya dube mu, ya ce mu fitar da shi matakala mu riƙa yi masa fifita.

"In bai sauka ba ku kira mota," in ji shi. "Kar wanda ya tsaya tunanina. Soja, zo ka kama mini."

Ni da na ce ya nemi inda zai raɓa, ni ne na riƙe masa ɗaya gefen esin muka zaro shi daga bango muka ajiye a tsakar gida. Da azumi a bakinsa, rana tsaka. Ya kwance murfin, ya haɗa wuta, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu. Ya ce injin lafiyarsa lau, wani ɗan gwangwani ne mai tayar da shi ya ƙone. Ya hau sama, inda yake tara matattun esi da yake tsintowa a bola, ya dawo da irinsa. Bai tsaya nan ba. Ya huda murfin gorar ruwa da ƙusa, ya sa ni ina matsa masa yana wanke ƙurar shekara da shekaru da tsohon buroshin haƙori, baƙin ruwa na gangarowa ta ƙafafunmu. Zufa na ɗiga daga gemunsa a kan ƙarfen, leɓɓansa sun yi fari fat. Ni da nake matsa gora kawai jiri nake gani, shi ko tsaki bai yi ba.

Kafin la'asar esi ya tashi, da wani sanyi da ba mu taɓa sanin yana da shi ba. Aka mai da Malam Habu ciki, a hankali ƙirjin ya sauka. Masta ya ciro guntun wayar jan ƙarfe daga aljihu, ya zagaya ta a jikin ragar esin, ya murɗa sau uku da filaya ya datse. Na tambaye shi ko laya ce. Ya yi dariya.

"Ba ni da shago, Soja, ba ni da rasit, sunana ma ba ya ko'ina a ƙasar nan. Wannan shi ne sa hannuna. Duk inda ka ga ƙullin nan, in abin ya sake lalacewa, a kira ni. Zan zo, kuma ba a biya."

Da magariba na kai masa kofin shayi har sama. Na tsaya ina 'yan kame-kame, na kasa fitar da maganar da ta kawo ni. Ya gane. Ya matsa mini gefen tabarma, ya jiƙa garin rogo da sukari a kwano ya ce in sa hannu.

Daga ranar abin kunya ya juyo kanmu. Mu masu kati muna kwance a ɗaki, marar kati ke ciyar da mu. Gidajen masu hali ma esinsu mutuwa yake yi, kamfani kuma sai ya ce a jira mako. Labarin Masta ya riƙa yawo daga bakin 'yar aiki zuwa bakin direba, daga wannan gida zuwa wancan. Da sassafe zai sa shuɗin kayan aikinsa, ya ɗaura takunkumi, ya hau tsohon kekensa. Yakan ce takunkumin nan rahama ne, kowa ya zama ba shi da fuska irinsa. Gab da shan ruwa sai mu ji ƙarar keken a ƙofa, ledoji na reto a hannun keken: shinkafa da kaza, dabino, nono mai sanyi, wata rana har kankana. Ya dire a gaban Malam Habu ya ce a raba. Na ci abincin nan ina jin nauyi, amma wallahi na ci.

Bayan salla aka fito da dokar waya. Ba ka shiga kanti sai wayarka ta nuna kore, alamar ba ka da korona, kuma ba ta nunawa sai da kati mai rai. Ni kaina aikin da nake yi ke nan a ƙofa, duba wayoyin mutane ina mai da su. Masta ya zama ko gishiri ba ya iya saya da kansa, sai mu muke yi masa cefane. A gidajen da nake gadi kuwa, in esi ya lalace manaja ya kira kamfani suka ja masa rai, sai ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon wani wuri ya ce, "Mutumin nan naka fa?" Ni kuma in buɗe 'yar ƙofar baya ta masu kwasar shara. Manaja bai taɓa tambayar sunansa ba, kuma na san da gangan ne.

Da aka fara shirin gasar ƙwallo ta duniya sai idona ya ƙara buɗewa. Motar aiki takan bi da mu ta wani shataletale da sassafe, in ga mutane tsugune a gefen hanya da ledar abinci, 'yan Bangaladash, 'yan Nepal, namu na Afirka. Babban kamfani ya karɓi aiki ya ba ƙarami, ƙaramin ya ba wani mai a-kori-kura, shi kuma ya zo nan ya kwashi hannu goma. Da yawansu irin Masta ne. Su suka dasa ciyawa, suka jera duwatsun gefen titi, suka yi fentin da ake gaggawa. Masta kansa ya ɗaura esi a benayen da aka tanadar wa baƙi har ya ce ya daina sanin yawansu. In aiki ya ƙare da yamma kowa ya kama gabansa, a takarda ba wanda ya zo.

A tsakanin nan an yi wa marasa takarda afuwa, ko ka samu sabon kafil ko ka tafi gida salin-alin. Malam Habu ya yi ta bin Masta a kan kar ya bari damar ta wuce. Masta ya zagaya kamfanoni, waɗanda kullum suke ɗaukarsa aikin yini, duk suka ce shekarunsa sun yi yawa a sa shi a takarda. Saura tafiya, Hawa kuma ba ta gama ba. Ya ce zai ƙara daurewa.

Gab da gasar aka tashi gidajen gwauraye na cikin gari, har namu. Ni na koma masaukin kamfani, Malam Habu ya koma gidan maigidansa, Masta ya samu wani ɗakin ajiya a bayan gari wurin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ranar rabuwa ya nuna mini buhun garinsa da kwalbar yajinsa. Ya ce wata gudan nan ko ƙofa ba zai leƙa ba, gari zai cika da 'yan sanda, Hawa kuma 'yan watanni suka rage mata. Ya riƙe hannuna ya ce kar in kira shi sai an gama ƙwallo. Na ce haba Masta, ai ko ba ka faɗa ba.

Ga inda ba na son kaiwa. Ranar wata Juma'a ce, Senegal za ta buga da la'asar a filin Thumama, wanda aka gina kamar farar hula, daga ƙofarmu ana hango shi. Gidajenmu duk an ba baƙin ƙwallo haya. A lamba sha huɗu wasu mutanen Meziko ne, masu manyan malafuna da fara'a, amma ranar ba fara'a. Esin ɗakin kwanansu na ta zubar da ruwa a kan gado, katifa ta jiƙe sharkaf. Kamfani ya ce sai bayan kwana uku. Manaja ya zo mini ido jajir, ya ce yalla, maza in kira mutumina, in ba haka ba zai sa a canza masu gadin ƙofar gaba ɗaya. Na shiga ɗakin na duba. A jikin bututun da ke gefen esin, ga ƙullin jan ƙarfe, murɗi uku.

Na kira shi. Ya ce, "Soja, yau ƙwallo ne a unguwarku." Na ce na sani, aikin minti goma ne. Ya ce in yi haƙuri, in sa bokiti a ƙasa zuwa wani lokaci. Manaja na tsaye a kaina, raina ya ɓaci, tsoron aikina ya kama ni, sai bakin nan nawa ya yi abin da ya saba. Na ce to shi ke nan, amma dai ya sani ƙullinsa ne a jiki.

 Ya ce, "Ka gani da idonka?" Na ce na gani. Ya ce yana zuwa.

Ba zan ce subutar baki ba ce. Na san abin da maganar za ta yi masa, shi ya sa na faɗa.

Ya iso bayan an sauko Juma'a, a ƙafa, don an rufe hanyoyin mota. Na shigar da shi ta ƙofar shara. Ya hau kujera, ya zare bututun da ruwa ke bi, ya sa baki ya zuƙo, ya tofar da wani baƙin taɓo a bokiti. Ya ce laifinsa ne, da ya ɗaura bai ba bututun gangara sosai ba, ya gyara masa zama. Ko minti goman bai cika ba. Wani dattijo a cikin baƙin yana tsaye yana kallonsa tun shigowarsa. Ya miƙa masa kuɗi, Masta ya girgiza kai ya nuna masa ƙullin, ya ciro wayar jan ƙarfe ya ƙara ƙulli na biyu a gefensa. Na yi wa dattijon bayani da ɗan Turancina. Ya daɗe yana kallon ƙullin. Sai ya ja ni gefe ya ce mutumin nan ba shi da takarda, ko?  Ya dafa ni ya ce kar in damu, shi ma ya yi shekaru a Amurka yana rufin gidajen mutane ba takarda. Ya ce tun shigowarsa ya gane shi, don ƙofar fita ya fara dubawa kafin ya dubi esin. Ya je ya kama hannun Masta da hannu biyu, ba mai jin yaren wani, suka tsaya a haka.

Na ce wa Masta ya zauna a ɗakin gadi har a tashi daga wasa. Ya ce a'a, yanzu da jama'a ke tururuwa ya fi sauƙin ɓacewa, haka ya saba yi a kasuwa. Na yarda, don a ganina shi ya fi ni sanin wannan. Abin da ba mu lissafa ba, mu duka biyun, jama'ar ranar ba irin ta kasuwa ba ce. Kowa da rigar ƙasarsa, da tuta, da ganga, da kati rataye a wuya. Shi kaɗai ne da shuɗin kayan aiki da jakar ƙarafa a kafaɗa. Da na ce ya bar jakar a wurina, da wataƙila ya wuce. Ban tuna ba, shi kuma ko masallaci da ita yake zuwa.

Daga ƙofa nake hangensa har shingen ƙarshen layi. Wani ɗan sanda ya ɗaga masa hannu ya nuna jakar. Ya buɗe. Aka duba filaya da sukundireba, aka mayar. Sannan na ga ɗan sandan ya miƙa tafin hannu, na san kalmar da ya faɗa ko ban ji ba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi, aikinsu suke yi kamar yadda nake yin nawa. Masta ya tsaya, ya gyara zaman jakarsa. Ina nan tsaye cikin kakina, tsakaninmu bai fi jifa ba, ina jira ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Har aka buɗe masa mota ya shiga bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya, don kar a tambaye shi wa ya sani a layin. Daga filin aka ɗauki ihu, an fara wasa, ni kuma na koma na zauna a kujerar gadi.

Da na gaya wa Malam Habu bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai da aka gama gasar da 'yan makonni saƙon murya ya shigo mini daga wata lambar Gana. Masta ne. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙirjin Malam Habu, sannan ya ce esin lamba sha huɗu ya daina zuba? Na kira shi nan take ina ba shi haƙuri, maganar ma ba ta fita daidai. Ya bar ni na gama.

"Kai ka kira, Soja, amma ni na zo," in ji shi. "Ƙullin nawa ne ai."

Hawa sai da ta zauna shekara guda a gida kafin a samu yadda ta koma. Ta gama daga baya, ya turo mini hotonta da fararen kaya, yana tsaye a gefenta da hula sabuwa, ya rame. Shi ya yafe. Amma shekarar nan da yarinyar ta yi a zaune, ni na san wanda ya jawo ta.

Makon jiya, da zafi ya fara leƙowa, manaja ya kawo mai gyara daga kamfani ya wanke esin gidajen duka. Wani ɗan Indiya ne mai kirki, da motar aiki, da katinsa a wuya. Ni na raka shi gida-gida da makullai. Da muka shiga lamba sha huɗu ya hau tsani, sai ya tsaya ya taɓa wani abu da yatsa. Ƙulli biyu, jan ƙarfen ya yi duhu, amma suna nan daram. Ya ce yana yawan ganin alamar nan, a Bin Omran, a Najma, har Wakra, kuma duk esin da ya gan ta a jiki aikinsa mai tsabta ne. Ya tambaye ni ko na san na wane kamfani ne.

Na ce ba kamfani ba ne, mutum ne, sunansa Isaka.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauko filaya zai datse su don ya naɗe bututun da sabon tef. Na riƙe ƙafar tsanin na ce ya naɗe ta gefensu. Ya ce ai ba sa cikin kayan esin, ba su da wani amfani. Na ce na ji, ya bar su dai.